A Bar Ta Ta Shiga: Magana Kan Dokokin Majami'unmu a Legas

Ranar Lahadin da ta wuce an tsayar da wata mata a ƙofar majami'ar da muke sujada da Hausa a nan Legas. Daga aikin dare ta fito. Shara da goge-goge take yi a wani kamfani, kayan aikin ne a jikinta, riga da wando, kanta ba ɗankwali sai 'yar hular da suke sawa. A hannunta akwai takarda a ninke, irin wadda ake rubuta roƙon addu'a a miƙa wa fasto.

Saurayin da ke tarbar mutane ya ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, ba a shiga da wando a nan." Ta ce, "Ɗana, daga wurin aiki nake. Kafin in je Ikorodu in sake kaya in dawo ai an tashi. Yarona ne ba lafiya." Ya ce umarnin dattawa ne. Ba ta yi gardama ba, ta koma gefen taga ta tsaya a rana. Sai da aka kusa fara wa'azi wata dattijuwa daga Zumuntar Mata ta hango ta, ta fita, ta kwance zanenta na sama ta ɗaura mata, ta riƙo hannunta suka shigo.

Ban ga laifin saurayin ba, abin da aka sa shi ya yi. Laifin namu ne, mu manya da muke zama mu tsara dokoki. Ra'ayina shi ne, duk lokacin da dokar ikilisiya ta yi karo da mutumin da ya zo da ciwo, na jiki ne ko na zuciya, dokar ce ya kamata ta ja da baya. Ba ni na ƙago wannan ba. Haka Ubangiji Yesu ya yi a cikin majami'a, a gaban shugabanta, a ranar da doka ta fi tsanani.

Shekara 18 a tanƙware

Labarin yana cikin Luka sura 13, daga aya 10 zuwa 17. Yesu yana koyarwa ran Asabar, a cikin taron kuwa akwai wata mata da ta shekara 18 a tanƙware, ba ta iya miƙewa ko kaɗan. Ba ta roƙi kome ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kutsa ta taɓa rigarsa ba. Shi ne ya gan ta, ya kira ta ana tsakar koyarwa, ya ɗora mata hannu. Nan take ta miƙe tana yabon Allah.

Shugaban majami'a ya husata. Abin da ke ba ni tsoro game da mutumin nan shi ne, ba ƙarya ya yi ba. Ya ce akwai kwana shida na aiki, a zo a cikinsu a warke, ban da Asabar. Kwana shidan nan suna nan a rubuce cikin Shari'ar Musa. Yana da aya a hannunsa. Mutum ne mai kishin addini, mai son tsari, irin wanda mu ma muke girmamawa mu ba shi muƙami. Kuma bai fuskanci Yesu ba, jama'a ya juya ya yi wa faɗa, wato masu ciwon da suka zo da bege. Har yau haka abin yake, fushin mai tsare doka a kan mai rauni yake sauka.

Yesu ya kira su munafukai, ya kuma faɗi dalili. Kowannenku, in ji shi, yakan kwance sansa ko jakinsa ran Asabar ya kai shi shan ruwa. Wato kun san yadda ake sassauta doka, kowane mako kuna yi, muddin abin ya shafi dukiyarku. Sai a kan 'yar Ibrahim da Shaiɗan ya ɗaure shekara 18 ne doka ta zama dutse?

Mu ma mun iya sassautawa. Akwai dokar rufe ƙofa lokacin addu'ar buɗewa, amma in babban mutumin da ya yi alkawarin sayen janareta ya makara, buɗe masa ake yi, a raka shi har kujerar gaba. A majami'un bariki mace soja ko 'yar sanda takan shiga da wandon aikinta, ba wanda ya taɓa cewa addu'arta ba ta kai sama ba, kuma daidai ne da aka bar ta. Me ya bambanta kakinta da kayan mai shara? Yakubu ya riga ya yi mana gargaɗi a sura ta 2 ta wasiƙarsa, game da mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau, da matalaucin da ake cewa ya tsaya can.

Hutun nan, don wa aka yi shi?

Akwai abin da muke tsallakewa a dokar Asabar kanta. A Maimaitawar Shari'a sura 5, aya 14 da 15, an faɗi dalilinta a fili: domin baranka da baranyarka su huta kamar yadda kai kake hutawa, ka kuma tuna dā kai bawa ne a Masar. Dokar a kan mai gida aka ɗora ta, domin a kare ɗan aiki. Shi ya sa Yesu ya ce an yi Asabar domin mutum, ba mutum domin Asabar ba.

To, su wane ne ke cika sujadar Hausa a Legas? Masu gadi a Lekki da Ikoyi da Magodo. 'Yan mata masu aikin gida. Direbobi. Sojoji da 'yan sanda na barikin Ikeja da Ojo da Obalende, tare da iyalansu. Masu dako a kasuwar Mile 12. 'Yan acaɓa, waɗanda da yawansu suka rasa abin yi tun da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu huɗu bayan wata uku. Mutanen kudancin Kaduna ne, da Filato, da Tangale, da Zuru, da Adamawa, da Maguzawan Kano da Katsina. Yawancinsu ba su ke da iko da Lahadinsu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin motar da zai ɗauko miji da mata da yara uku daga Ajah ko Sango Ota ya kai su ya dawo da su yana iya cinye cefanen kwanaki.

Na san wani mai gadi, mutumin kirki, da ke kwana yana wuni a bakin ƙofar wani gida. Lahadi ɗaya yake samu a wata, wani watan ma babu. Mai gidansa Kirista ne, kowace Lahadi shi yake buɗe masa ƙofa ya fita zuwa coci da iyalinsa. Da matar mai gadin ta kwanta asibiti aka ce sai an yi mata aiki, ya zo neman taimako daga asusun ikilisiya. Kwamiti ya buɗe rajista, ya nemi katin zakka. Aka ga watanni babu sa hannu. Aka ce masa, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, tsarinmu na cikakkun membobi ne." Ya cire hularsa ya yi godiya ya tafi. Abokan aikinsa ne, Musulmi da Kirista, suka yi masa karo-karo.

In da wanda ya karya dokar hutu a labarin nan, ai mai gidan ne. Amma ban taɓa jin dattawa sun je gidan wani mai kuɗi sun ce masa ya riƙa sakin mai gadinsa ko 'yar aikinsa ran Lahadi ba. Ɗan aikin muke tuhuma.

"Allah ba na ruɗu ba ne"

Wannan ce amsar farko da ake ba ni, kuma aya ce ta gaskiya. Bulus ya gaya wa Korantiyawa a yi kome bisa tsari. Na yarda. Taron mutum ɗari biyu ba ya tafiya babu doka, ban kuma ce a yayyaga kundin tsarin ikilisiya ba.

Amma mun sha ganin yadda doka take in an yi ta domin mutum. Lokacin da cutar Ibola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, majami'u da yawa sun dakatar da musabaha, aka sa ruwan wanke hannu a ƙofa. A 2020 aka rufe majami'u watanni saboda korona, muka yi sujada a tsakar gida da ta waya. Ba wanda ya ce bangaskiya ta rushe. Gwajin jini kafin aure, wanda ikilisiyoyi da dama suke nema domin a san ko ma'aurata za su haifi 'ya'ya masu sikila, doka ce, mai kyau kuwa, domin kowa yana iya nuna wanda take karewa.

Tambayar da nake so a riƙa yi wa kowace doka ke nan: wa take karewa? In an ce a rufe kai da jiki domin kamun kai, madalla. A ajiye kwando a bakin ƙofa da zannuwa da ɗankwali masu tsabta, wadda ta zo daga aiki ta ɗauka ta mayar in an tashi. Mai riƙe da 1 Korantiyawa 11, inda aka yi maganar rufe kai, ya sami abin da yake so, matar ma ta sami shiga. Wanda ya ƙi ko da wannan, sai ya binciki zuciyarsa ya ga ko kamun kai ne damuwarsa.

"In babu horo, zunubi zai yi yawa"

A nan ne hankalina ya fi tashi. Horo yana cikin Littafi Mai Tsarki, ban musa ba. Amma a dubi yadda muke yinsa. Yarinya ta yi ciki ba aure. A kira sunanta a gaban jama'a ta miƙe tsaye. A mayar da ita kujerar baya wata shida ko shekara, ba Jibin Ubangiji, ba ƙungiyar mawaƙa, ba mai zama kusa da ita. Namijin kuwa, sau da yawa ya koma wata majami'a a Agege ko Ojo, magana ta mutu. In ya girme ta nesa, ko shi ne mai gidan da take wa aiki, ba ma mai tambayar yadda aka yi cikin ya samu, da yardarta ne ko fin ƙarfi aka yi mata.

Wannan ba sabon abu ba ne. A Yahaya sura 8 mace kaɗai aka jawo gaban Yesu kan laifin zina, alhali Shari'ar da suke taƙama da ita ta ambaci namiji da mace duka.

Tsarin da Yesu ya bayar a Matta 18 daga ɓoye yake farawa: ka je ka same shi ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a gaya wa ikilisiya. Mu daga ƙarshen muke farawa. Bulus da ya umarci Korantiyawa su hori mai laifi, shi ne kuma a wasiƙarsa ta biyu ya roƙe su su yafe wa wanda aka hora, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya sha kansa. Ga Galatiyawa ya ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Manufar horo ita ce a dawo da mutum. Mu nawa muka taɓa zuwa ɗakin yarinyar da ke kujerar baya muka tambaye ta ko ta fara zuwa awo, ko tana da abin ci?

Kuma wane irin zunubi muke horo a kai? Wanda ke fitowa fili. Ciki ba ya ɓuya, shi ya sa yake da kujera. Mai hana ɗan aiki albashi, mai dukan matarsa, mai cin kuɗin ginin majami'a, mai cewa ɗan ƙabila kaza ba zai zama dattijo a nan ba, duk suna miƙa hannu su karɓi Jibi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sakamakon kuwa kowace uwa a Zumunta ta san shi, ko da ba a faɗa a taro: tsoron kujerar baya yana tura 'yan mata wurin masu zubar da ciki a lungu. Wadda ta haifi ɗanta ita ke shan kunya, wadda ta ɓoye ta ci gaba da waƙa a gaba.

Tsohuwar doka da sabuwar riga

Wasu matasanmu da suka gaji da wannan sukan gudu zuwa gidajen addu'a da majami'un warkarwa da suka cika Legas, suna cewa can ne 'yanci yake. Ina roƙonsu su buɗe ido. Na gaskata Allah yana warkarwa. Na gaskata da abin da Yakubu ya ce, mara lafiya ya kira dattawa su yi masa addu'a su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Ban kuma yi wa duk majami'un nan kuɗin goro ba, akwai bayin Allah na gaske a cikinsu.

Amma inda aka ce ba za ka warke ba sai ka shuka iri na kuɗi kaza, sai ka yi azumin kwana bakwai ba ruwa, sai ka sayi mai da ruwa daga hannun wane, ai doka ce wannan, ta ma fi ta ɗankwali nauyi. In ka warke, ikon mai gidan ne. In ba ka warke ba, bangaskiyarka ce ta gaza ko akwai zunubi a danginku. Mai ciwo ya tafi da kaya biyu, ciwonsa da laifi. Almajirai sun taɓa yi wa Yesu irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba ne, ba su ba ne.

Mafi muni shi ne a ce wa mutum ya jefar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya. Maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi, kyauta ne a asibitocin gwamnati, wanda ya katse kuwa cutar tana iya dawowa da taurin da maganin farko ba zai yi mata ba. Maganin ƙanjamau ma haka, ba a dainawa. Masu hawan jini da ciwon suga suna faɗuwa saboda wani ya ce musu an gama. Akwai wuraren da ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa da sunan addu'a, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. A Markus sura 5 mutanen gari ne suke ɗaure mutumin nan mai aljannu da ke zaune a makabarta da sarƙa. Da Yesu ya gama da shi, a zaune aka same shi, saye da tufafi, cikin hankalinsa.

Luka da ya rubuta mana labarin matar nan da ta tanƙware likita ne. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, ya kuma bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Wa zai ce bangaskiyarsu ce ta kasa?

Tarihinmu ma shaida ne. A nan Legas samari uku suka sauka a watan Disamba na 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kai bishara arewa. Biyu daga cikinsu suka rasu a 1894. Aikin da ya biyo baya, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA, da na sauran mishan da suka haifi ikilisiyoyin COCIN da EYN, da addu'a da magani ya tafi kafaɗa da kafaɗa: asibitin Vom a 1922, asibitin ido na Kano a 1943, wuraren jinyar masu kuturta a Garkida da Yadakunya. Kakannin da yawa daga cikinmu sun fara sauraron bishara ne domin wani ya wanke musu gyambo a lokacin da dangi ke gudunsu.

Tsoron da ba mu faɗa

Akwai dalilin da ya sa muka fi tsananta doka a Legas fiye da yadda ake yi a wasu majami'un gida, kuma ina jin tausayinmu a kai. Mu baƙi ne. Duk mako muna cikin Yarbanci da Turancin buroka, ana kiranmu aboki, wasu ma ba su yarda akwai Kirista mai jin Hausa ba. Awa ukun nan na Lahadi ne kaɗai muke jin mun koma gida: ganga da tulu da caki, matan Zumunta cikin anko, gaisuwa da harshen da muka tashi da shi. Muna tsoron in muka saki abu ɗaya, sauran za su bi, 'ya'yanmu su narke cikin birni. Sai mu riƙe ɗankwali da rajista da ƙarfi.

Tsoron na gaske ne, amma a dubi abin da maganin yake haifarwa. Yaran da aka haifa a bariki suna barin sujadar Hausa, kuma in ka zauna da su ba harshen ne kaɗai ƙorafinsu ba. Suna ganin wa ake buɗe wa ƙofa da wa ake rufe wa. Ikilisiyar farko ta fuskanci irin wannan a taron Urushalima, Ayyukan Manzanni sura 15, lokacin da wasu suka nace sai al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun bi dukan al'adun Yahudawa kafin a karɓe su. Bitrus ya tashi ya tambaye su don me za su ɗora wa masu bi karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka. Da ra'ayin masu tsanantawa ne ya yi nasara a ranar, da bishara ba ta iso Kagoro ko Garkida ba.

Abin da nake roƙon Baba Rabaran da dattawanmu ba shi da tsada. A raba asusun taimako da katin zakka, wanda ya kwanta asibiti a tambayi sunan asibitin da lambar gado, a bar rajista a cikin akwati. Haka in an yi rasuwa ana neman kai gawa gida, kada a sa gwauruwa ta tsaya tana jiran a duba ko mijinta ya biya kuɗin wata. A daina kiran suna a gaban jama'a sai an bi matakan Matta 18, kuma duk wadda aka sa a horo a haɗa ta da uwa ɗaya daga Zumunta da za ta riƙa ziyartarta, a nemo namijin duk inda ya shiga. Fasto ya riƙa faɗa daga bagade cewa shan magani ba rashin bangaskiya ba ne, a bar ma'aikatan jinyar da ke cikinmu su riƙa gwada hawan jini bayan sujada. A buɗe gajeriyar sujada da yamma, ko a tsakiyar mako, domin masu aikin Lahadi. Wanda ko wannan ba zai samu ba, dattijo biyu su shiga mota su same shi a ɗakin gadinsa, su yi karatu da addu'a tare, in mai gidan yana nan kuma su nemi ganinsa su yi masa maganar hutun Lahadi.